Mai Yashe Kwata Shi Ya Kamata Ya Duba Shatar Unguwa

A kewayen Zariya, a bayan Basawa da Bomo, a hanyar Dakace da Dambo, a gefen Wusasa da Ɗan Magaji, yadda sabuwar unguwa take tashi kusan iri ɗaya ne. Magada su yanke shawarar sayar da gonar gado, ko wani mai kuɗi ya saye ta a dunƙule. A kira mai awo, ya yanka ta fuloti-fuloti, ƙafa 50 da 100, a kakkafa duwatsun siminti a kusurwoyi, dillalai su ɗauka. Kafin damina biyu an sayar da rabi, kowa yana riƙe da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Wannan ya zuba harsashi, wancan ya kewaye nasa ya bari, wani ya yi ɗaki biyu ya tare da iyalinsa. Sai ranar da mutum ya buƙaci takardar mallaka ta gwamnati, ko ya tarar an yi masa jan fenti a katanga, sannan zai nemi hanyar ofis. A lokacin kuwa gyara ya yi wuya, domin faɗin layi, da inda ruwa zai bi, da ko za a sami filin makaranta ko ba za a samu ba, duk an yanke su tun ranar da mai awo ya tattara kayansa.

Ra'ayina shi ne a ba ƙaramar hukuma sa hannu mai ƙarfi a kan wannan shata, kafin a sayar da fuloti ko ɗaya. Amma sa hannun ya tsaya a kan abin da ya shafi jama'a: layi, kwata, tsayin ƙasa, tazarar rijiya da masai, da filayen al'umma. Rabon fili ba nata ba ne, launin fenti da fasalin rufin gidan mutum ma ba nata ba ne.

Dalili na farko yana cikin kundin tsarin mulkin 1999 kansa. Jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da layuka da kula da su, fitilun titi, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa da filayen da aka bari a buɗe, sanya wa layuka suna da gidaje lamba, kwashe shara da ƙazanta, maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota, sannan tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Wato duk abin da shatar unguwa take haifarwa, mai kyau ko mummuna, a wuyan ƙaramar hukuma yake ƙarewa. Amma ikon amincewa da shatar yana hannun jiha. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birane ga gwamna, ta kuma ba shi ikon ayyana inda ake kira birni. Ƙaramar hukuma kuwa aka bar mata bayar da izinin mallaka na gargajiya a wajen birni. Dokar tsara birane ta 1992 ta yi ƙoƙarin raba aikin gida uku, da hukuma a tarayya, da ta jiha, da hukumar tsara gari a kowace ƙaramar hukuma mai ikon duba gine-ginen yankinta. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne. Daga nan kowace jiha ta riƙe abinta. A Kaduna takardun fili suna hannun KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, izinin gini yana hannun KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Ƙaramar hukumar Zariya da ta Sabon Gari sai dai su gaji layin da wani ya zana, ko wanda babu wanda ya zana ma, su yi ta zuba masa marmara kowace shekara ruwa yana kwashewa.

Wannan hukunci na 2003 yana da amfani ga maganarmu, domin yana nufin ba sai an taɓa tsarin mulki ba. Majalisar dokokin jihar Kaduna tana iya gyara dokarta ta tsara birane ta shigar da ƙaramar hukuma cikin masu sa hannu.

Kafin a zo ga ƙa'idoji, a duba lissafin mai sayar da fili, don a nan matsalar take farawa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fulotin ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 ne da 30, wato murabba'in mita 450. In aka ware kashi 25 cikin ɗari na ƙasar ga layuka da kwata, aka ware kashi 10 ga makaranta da maƙabarta da sauransu, abin da zai rage fuloti 14 ne da ɗan kai. In kuwa aka matse layuka zuwa ƙafa 20, ba a ware wa jama'a komai ba, za a fitar da 18 ko kusan 19. Fuloti huɗu ke nan a kowace hekta, a gona mai hekta goma fuloti arba'in. Babu wa'azin da zai sa mai gona ya bar kuɗin fuloti arba'in don radin kansa, alhali maƙwabcin gonarsa bai bari ba. Ba mugunta ba ce, ciniki ne. Abin da zai daidaita su shi ne doka ɗaya da ta hau kan kowa, da wanda yake kusa da zai ga an bi ta.

Layi shi ne abin da ya fi komai daɗewa a unguwa. Layukan Sabon Gari da aka ja bayan isowar jirgin ƙasa sun haura shekara ɗari, gidajen da ke bakinsu an rushe an sake ginawa ba sau ɗaya ba, amma layukan suna nan yadda aka ja su. Gida mara kyau jikan mai shi zai gyara. Layi mai ƙunci kuwa sai da rusau.

Layin cikin unguwa, a ganina, kada ya gaza mita 12 daga katanga zuwa katanga. Mita 6 na tsakiya na ababen hawa ne, yadda tifa da Keke Napep za su wuce juna. Kwata a kowane gefe, da kaurin bangonta, za ta ci mita ɗaya-ɗaya. Saura mita biyu-biyu, nan falwaya za ta tsaya, nan bututun ruwa zai kwanta, nan yara za su bi zuwa makarantar allo. Layin da ke tattara ƙananan layuka ya kai su babban titi, shi kuma ya zama mita 18. Layin ƙafa 20 da dillalai suke cewa ya isa, mita 6 ne kacal, kuma ba ya zama mita 6 ɗin. Wannan zai fito da dakali, wancan zai yi gangaren siminti don motarsa ta hau, wani zai haƙa sokawe a ƙofar gida, falwaya ta zauna a gefe. Abin da zai rage bai fi mita 3 ko 4 ba. Motar kashe gobara faɗinta ya kai mita biyu da rabi, kuma ba za ta iya shan kwanar da aka gina katanga har kan kusurwa ba. Shi ya sa kowane fulotin kwana ya kamata a yanke masa kusurwa mita 3 ta kowane gefe tun a kan takarda. Haka kuma kada jerin gidaje ya wuce fuloti 10 zuwa 12 ba tare da layin da ya ratsa ba, kimanin mita 150 zuwa 180 ke nan, don kada makoki ko ɗaurin aure ɗaya ya rufe wa unguwa hanya.

Wanda yake ganin ƙayyade faɗin hanya baƙon abu ne, ya tuna hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa idan aka yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai. Wannan awo ne na zamanin raƙumi da kaya. Asalin hukuncin dai shi ne hanya haƙƙin jama'a ce, kuma ana yanke mata faɗi gwargwadon abin da ke bi ta cikinta.

Ruwa ne wurin da ya kamata a daɗe. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita dubu a shekara, kusan duka a cikin watanni biyar, mafi yawa a Yuli da Agusta. Ɗauki ruwan dare ɗaya mai milimita 50. A kan fuloti ɗaya, lita 22,500 ce ta sauka. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa da kunyoyi suna shanye mafi yawansa. Da zarar an rufe shi da kwano da siminti da intalok, kusan kashi tara cikin goma zai fito ta rariya, kimanin duro ɗari na lita 200 daga gida ɗaya. Layi mai gida ashirin, duro dubu biyu ke nan a dare ɗaya, duk suna neman hanyar rafukan garin, Kubanni ko Galma ko Kamacha ko Saye. In ba a zana musu hanya ba za su yi wa kansu, kuma ta cikin ɗakin wani.

Abin da ke faruwa a unguwar da ba a ƙayyade tsayin ƙasa ba kowa ya san shi. Wanda ya fara gini ya yi daɓensa daidai da ƙasar da ya tarar. Wanda ya zo bayansa ya ga alamar ruwa, sai ya ƙara bulo biyu a harsashi ya cike da ƙasa. Na uku ya ƙara huɗu. Ranar da aka zo zuba wa layin marmara sai ya hau sama da ƙofar na farko, gidansa ya koma rijiya. Kowa kuma yana gina guntun kwatar ƙofar gidansa da zurfin da ya ga dama, wani ƙafa ɗaya, wani uku, wani babu. Ruwa ya kwanta a mai zurfin, sauro ya samu gida, leda ta toshe mara zurfin.

Maganin wannan ba ya da tsada in an yi shi da wuri. Kafin a ja layi ko ɗaya, mai awo ya ɗauki tsayin ƙasar gonar duka, a ga tudu a ga kwari. A fara gano inda ruwan zai fita, da abin da zai tarar in ya fita, sannan a shimfiɗa layukan su bi gangaren. A kafa turakun siminti a bakin kowane layi masu nuna tsayin da titin zai kasance idan an gama shi, a rubuta cewa daɓen kowane gida zai ɗara tsakiyar titi da santimita 45, ba ƙasa ba, ba kuma sama da haka sosai ba. Kwata ta kasance da gangaren da bai gaza ɗaya cikin ɗari biyu ba, wato ta sauka rabin mita a kowace mita ɗari, don ruwa ya riƙa tafiya da yashinsa. Kwalbatin mahaɗar layuka kuma kada ya gaza santimita 90. Na santimita 60 ya fi araha, amma da buhu ɗaya da robobi suka shige shi ya toshe, kuma mutum ba zai iya shiga ya yashe ba, sai a fasa titi.

Bakin rafi da fadama da kududdufi kuwa a fitar da su daga lissafin fuloti gaba ɗaya. Kududdufan cikin birni da aka haƙa don ƙasar gini sun daɗe suna riƙe ruwan damina su sake shi a hankali. Da aka riƙa cike su da shara ana ginawa, ruwan bai fasa zuwa ba. Ƙasar gefen Kubanni ma an san ta da zaizaya, kwazazzabon da ya fara da taku ɗaya yana iya cin bayan gida cikin 'yan shekaru. Irin waɗannan wurare da rani ba a gane su, fili ne shar mai araha. Jami'in da zai zo daga nesa a watan Maris da taswira a hannu ba zai ga komai ba. Dagaci da manoman wurin da ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma su suka san inda ruwa yake kwana a Agusta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai maganar rijiya da masai, wadda ita ce hujja mafi ƙarfi cewa duba gida ɗaya-ɗaya ba ya wadatarwa. Yawancin sababbin unguwanni da rijiya suke rayuwa, kuma Zariya a kan dutse take zaune, ruwan rijiyoyinta na kusa ne, da damina yana tasowa sama sosai. Masana lafiya suna son a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin ƙazanta. Tsawon fulotin duka mita 30 ne. Mutum zai iya kiyaye iyakar ƙoƙarinsa a cikin gidansa, ya sa rijiya a wannan ƙarshe masai a wancan, sai maƙwabci ya zo ya haƙa nasa ramin a bayan katanga, taku biyar daga rijiyar. Kowannensu zanen gidansa ba shi da laifi, amma zawo da taifot sun samu hanya. Abin da zai hana wannan shi ne shatar unguwa ta faɗa tun farko: duk ramukan ƙazanta a gaba, cikin katanga ta gefen layi, duk rijiyoyi a baya. Ta haka kowace rijiya za ta samu kimanin mita 25 daga kowane rami, kuma motar zuƙe masai za ta isa ramin daga layi ba tare da an ja tiyo ta tsakar gida ba. Mai son banɗakinsa a ƙurya, kamar yadda aka saba, zai shimfiɗa bututu mai inci huɗu da gangaren ɗaya cikin arba'in, saukar santimita 60 da 'yan kai a tsawon mita 25. Inda aka yarda da rabin fuloti, 50 da 50, wannan lissafi ba ya fita ko kaɗan, don haka sai a hana rijiyar cikin gida a wurin, a ware fili na burtsatse ɗaya a saman gangare.

Filayen jama'a ba sa buƙatar dogon bayani: firamare, asibitin sha-ka-tafi, maƙabarta, masallaci, wurin taransifoma, wurin tara shara da mota za ta iya isa. Ƙarƙashin wayar wuta kuma akwai ƙa'idar tarayya da ba ta jiran ra'ayin kowa, mita 5.5 kowane gefe ga layin kilobolt 11 da 33, mita 15 ga na 132, mita 25 ga na 330. Shaguna ma gara a ware musu bakin layukan mita 18 tun farko, domin ko an hana sai an fasa katanga an yi su.

Inda nake rabuwa da masu son a ba hukuma iko a kan komai shi ne cikin katanga. Dokokin gini na jihohi da yawa suna cewa a ja da baya mita 6 a gaba, mita 3 a kowane gefe da baya. Wannan tsari ne na gidan Turawa a GRA, gida a tsakiya lambu ya kewaye shi. Ɗora shi a kan fulotin mita 15 da 30, abin da zai rage na gini mita 9 ne da 21. Sauran filin, fiye da rabi, ya warwatse ya zama siraran lunguna a kewayen gida, inda ba a iya shanya ba a iya girki, sai tara tsofaffin bokitai. Gidan Bahaushe akasin haka yake. Zaure a bakin hanya, ɗakuna jingine da katanga, tsakar gida a tsakiya inda mata suke wuni iska tana shiga. Magina sun san wannan, masu gida sun sani, shi ya sa ake kai zane ɗaya ofis a gina wani daban a fili. Dokar da kowa ya san ba za a bi ta ba, amfaninta ɗaya ne, ta zama abin karɓar na goro.

A nan ne dokar gida ta ƙaramar hukuma za ta fi ta jiha dacewa. Ta auna abin da ake nema da ja da bayan, wato iska da haske da kariya daga gobara, ta bar mutum ya same su ta hanyarsa. Gini kada ya rufe fiye da kashi 60 cikin ɗari na fuloti. Kowane ɗaki ya sami taga mai buɗewa ga tsakar gida ko layi, girmanta ya kai kashi ɗaya cikin goma na daɓen ɗakin. Bangon da ya zauna a kan iyaka ya zama na bulo har sama da kwano, ba taga, kuma indararo ya zuba a cikin gidan mai shi. Mai bene kuma, tagar da ta kalli gidan maƙwabci ta fara daga mita 1.8 sama da daɓe. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne a takarda, amma duk wanda ya zauna a zauren mai unguwa ya san yawan rigimar da leƙen tsakar gida yake haifarwa, kuma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kansa a babin hana cutar da maƙwabci. Bayan waɗannan, ko mutum zai yi zanko a kan soronsa ko zai yi rufin zamani mai tsini, ba ruwan hukuma.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne. Za a ce ƙananan hukumomi a ƙasar nan su ne suka yi suna wajen yanka filayen makarantu da kasuwanni da maƙabartu, kuma tattara harkar fili a hannun jiha an yi shi ne don a kashe takardun bogi da sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Za a ce ba su da ma'aikata. Za a ce ƙarin sa hannu ƙarin teburi ne, ƙarin teburi kuma ƙarin kuɗi ne a kan talaka mai son ya yi ɗaki biyu. Saboda haka ne ban ce a maido musu rabon fili ba. Rajistar mallaka ta zauna inda take. Abin da nake nema a ba su shi ne ikon cewa wannan shata ba ta cika ƙa'ida ba, kuma ikon ya zo da takunkumi.

Mai shata, wato mai yanka gonar don sayarwa, ya kai takardunsa wuri ɗaya, ya biya kuɗi sau ɗaya, jiha ta raba kuɗin da ƙaramar hukuma. A aika wa ƙaramar hukuma kwafi, a ba ta kwana 30. In ta yi shiru an ɗauka ta yarda. In ta ƙi, ta rubuta dalili ta ambaci lambar ƙa'idar da aka saɓa, kuma mai shata yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa jiha. Ƙa'idojin su kasance 'yan kaɗan, a buga su da Hausa da Turanci a manna a sakatariya. Mai sa hannun kuma kada ya zama ciyaman ko kansila. Ya zama ma'aikaci mai rajista da hukumar masu tsara birane ta ƙasa, tare da injiniya mai rajista, waɗanda lasisinsu zai iya salwanta in suka sa hannu a kan ƙarya. Batun rashin ma'aikata kuwa, a garin da Jami'ar Ahmadu Bello take yaye masu tsara birane da masu zanen gini da masu awo da injiniyoyi kowace shekara, wannan uzuri ba ya shiga kunne. Mutum huɗu ko biyar da babura sun isa ofis ɗaya.

Abu biyu ne za su sa tsarin ya yi aiki a fili ba a takarda kawai ba. Na farko jingina. Mai shata ya buɗe layuka, ya zuba marmara, ya sa kwalbatoci kafin ya fara sayarwa, sannan a riƙe masa fuloti ɗaya cikin kowane goma har sai ya gama manyan kwatoci. In ya gudu a sayar da su a yi aikin. Filayen jama'a kuma a yi musu takarda tun ranar, a rubuta abin da aka ware su dominsa, a kafa allo mai taswirar unguwar a bakin hanya inda kowane mai saye zai ga wane fili ne na makaranta. Filin da mutum ɗari suka san na makarantar 'ya'yansu ne ya fi wanda ke cikin fayil wuyar sata.

Na biyu hatimin mai unguwa. A zahiri shi ne izinin da mai sayen fili a Zariya yake girmamawa, kuma ƙaramar hukuma ce take hulɗa da hakimai da dagatai yau da gobe. In aka yi yarjejeniya da masarautar Zazzau cewa babu mai unguwar da zai buga hatimi a takardar cinikin sabon fuloti sai an rubuta lambar shatar da aka amince da ita, to dillali da kansa zai tura mai gona ofis, don ba zai iya sayarwa ba. Jan fenti yana zuwa ne bayan an kashe kuɗi a gini. Hatimi kuwa yana zuwa kafin kuɗi su bar hannun mai saye.

Akwai abin da dole ya zauna a hannun jiha. Ruwan da ya taso daga Samaru bai san iyakar Sabon Gari da Zariya ba, kuma garin ya riga ya miƙa ƙafa cikin Giwa da Soba. Manyan hanyoyi da manyan magudanai da shirin garin baki ɗaya aikin jiha ne, haka nan mafi ƙarancin ƙa'ida, don kada wata ƙaramar hukuma ta sassauta nata ta janye masu shata zuwa yankinta. Tana iya ƙarawa a kan na jiha, ba ta iya ragewa. Kuma tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tambayar da ta dace ita ce a kan me za a kashe kuɗin. Kwata a layin da aka shata da gangare aikin 'yan makonni ne. A layin da kowane gida yake da tsayinsa, ana iya zuba kankare na miliyoyi ruwan ya ƙi bi.

Unguwannin da aka riga aka yanka su ma ba duka suka wuce gyara ba. A fara da waɗanda duwatsu ne kawai a ciki ko harsashi jefi-jefi. Layin mita 6, in kowane gefe ya ja da baya mita ɗaya da rabi, ya zama mita 9, wanda zai ɗauki mota biyu da kwata ɗaya mai kyau. Mai fuloti ya rasa murabba'in mita 22 da rabi daga cikin 450, kashi biyar cikin ɗari ke nan, sai a saka masa da rangwamen kuɗin takardar mallaka. Fulotin da ya zauna a kan hanyar ruwa a musanya wa mai shi da wani daga cikin waɗanda mai shata bai sayar ba tukuna. Wannan zama ne da za a yi layi-layi, da masu fuloti da mai unguwa da mai awo, kuma lokacinsa rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris, kafin tifofin yashi su fara sauke kaya.